Darasi: Masallatai Uku na Madina

Da yawa daga cikinmu sun yi shekaru suna tara guzurin hajji. Abin baƙin ciki ne mutum ya sayar da shanunsa, ya isa Madina, ya tsaya a wuri mai daraja, ya komo gida bai san inda ya tsaya ba. Saboda haka yau za mu koyi labarin masallatai uku.

Na fari shi ne Masallacin Ƙuba. Sa'ad da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi hijira daga Makka cikin shekarar 622, a Ƙuba ya fara sauka. Nan aka kafa masallaci na farko a Musulunci, shi da kansa ya ɗauki duwatsu tare da Sahabbai. Daga baya ya kan zo ran Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan dabba. Ya zo cikin hadisi, wanda ya yi alwala a masaukinsa ya je ya yi salla a Ƙuba yana da lada kamar na umra. Tsakaninsa da Masallacin Annabi kamar mil 2 ne.

Na biyu shi ne Masallacin Annabi. Da tubalin ƙasa aka fara gina shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. Bai fi masallacin ƙauyenmu ƙawa ba. Amma salla ɗaya a cikinsa ta fi salla 1,000 a wani masallaci, ban da na Ka'aba.

Na uku shi ne Masallacin Ƙiblataini, watau mai alƙibla biyu. Da can Musulmi suna duban Baitul Muƙaddas, arewa da Madina. A shekara ta 2 bayan hijira aka umarce su su dubi Ka'aba, kudu da Madina. An ce jama'a suna cikin salla a nan umarnin ya zo, suka juya, ba su yanke sallar ba.

Mu lura, ziyarar Madina ba ta cikin farillan hajji. Wanda ciwo ya hana shi zuwa, hajjinsa bai ɓaci ba. Wanda ya je kuwa, ya yi salla da natsuwa, kada ya tsaya shafar bango.

Tambayoyi:
1. Wane masallaci aka fara kafawa a Musulunci?
2. Da me aka fara gina Masallacin Annabi?
3. Mene ne ma'anar Ƙiblataini?