Yadda Ake Gane Tsohon Kurfoti na Ainihi Kafin a Biya Kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin komai ya hau, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da dama, gawayi ya dawo da martabarsa a madafa. Mutumin Dalijan da ya shiga Gwandu ko Jega ko babbar kasuwar Birnin Kebbi neman abin ɗora tukunya, ko na gasa naman layya, zai tarar da kurfoti iri-iri, sabo da tsoho. Tsohon ne kuma ake ƙawata wa labari. Wannan wai na zamanin Turawa ne, wancan wai daga gidan wani tsohon ma'aikacin En'e ya fito, ga wani mai murfi wai ɗan Beljiyam ne da ya shigo ta Kamba. A ganina labarin mai sayarwa da tambarin da ke jikin kaya su ne ya kamata a duba daga baya. Shaidar gaskiya tana jikin ƙarfen, kuma duk mai ido da kunne da hannu yana iya karanta ta idan ya bi matakan a jere.

Da farko ka san wane irin ƙarfe ne a hannunka, domin abu uku ne ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai na zubi, wato baƙin ƙarfen da aka narka aka zuba a mazubi. Akwai na falle, wanda maƙera da masu walda suke yankawa daga durom ko jikin mota. Akwai kuma na gorar ruwa, irin ƙarfen da ake zuba tukwanen biki da shi, wanda wani lokaci akan shafe shi da baƙin fenti har ya yi kama da na farko. Ka tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu, na tsohuwar lasifikar rediyo ma ya isa. In ya ƙi kamawa, gorar ruwa ce, magana ta ƙare. Sannan ka ɗaga kurfotin. Baƙin ƙarfe ya kusa ninka gorar ruwa sau uku a nauyi idan girmansu ɗaya, don haka kurfoti mai kaurin baki da ya zo maka sakayau a hannu ba na zubi ba ne, ko me aka rubuta a jikinsa. Bambancin ba na ado ba ne. Gorar ruwa tana narkewa a zafin digiri 660, garwashin da ake yi wa fifita kuwa yana iya wuce haka, shi kuma baƙin ƙarfen zubi sai zafi ya haura digiri 1,100 kafin ya narke. Tsakanin na zubi da na falle mayen ƙarfe ba zai raba gardama ba, duka biyun zai kama. A nan sai ka juya kurfotin ka duba mahaɗa: na zubi yana da siririn layi inda ɓangarorin mazubi suka haɗu, fatarsa tana da ɗan kaushi na yashin da aka zuba shi a ciki, ƙafafunsa kuma sun fito ne daga jikinsa. Na falle za ka ga dunƙulen walda ko kan ƙusa a kowace gaɓa.

Mataki na biyu shi ne neman tsaga, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa, saboda tsaga ce ajalin ƙarfen zubi. Ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi, musamman idan an saba kashe wutarsa da ruwan sanyi yana da zafi. Ka cire ragar gawayin, ka rataye kurfotin a yatsa ko a igiya yadda ba ya taɓa ƙasa, ka ƙwanƙwasa bakinsa da makulli. Lafiyayye zai yi ƙara mai ɗan tsawo, mai tsaga kuwa sautinsa gajere ne, a dushe yake mutuwa nan take. Idan kunne ya yi shakka, akwai dabarar da ma'aikatan jirgin ƙasa na da suka yi amfani da irinta wajen duba ƙarafa. Ka kankare toka da tsatsa daga wurin da kake zargi, ka shafa kananzir, ka bar shi ya ɗan jima, ka goge tas da tsumma, sannan ka goga alli a kai har wurin ya yi fari. Inda duk akwai tsaga, kananzirin da ya shige cikinta zai dawo ya jiƙa allin, sai ka ga siririn baƙin layi ya bayyana a kan farin. Wuraren da suka fi cancantar wannan wahala su ne gindin hannaye, da wuyan da ya haɗa kwanon gawayi da mazaunin toka, da kusurwoyin ƙofar iska. Za a ce maka ai mai walda zai like. Ƙarfen zubi yana da wuyar walda, kuma sau da yawa sabuwar tsaga takan buɗe a gefen likin da zarar wuta ta sake dukansa, don haka kurfotin da aka like kuɗinsa ya kamata ya zama na likakke.

Daga nan ka koma kan tsatsa da raga. Jan tsatsa na sama ba abin tsoro ba ne, burushin waya da ɗan man gyaɗa suna maganinsa. Wanda ake gudu shi ne mai tashi ɓawo-ɓawo a ƙasan mazaunin toka, inda toka ta sha ruwan damina ta kwana tana cin ƙarfe. Danna wurin da ƙusa; in ya lotsa, ko ka ɗaga shi sama ka hango haske ta ciki, ya gama aiki. Sabon fenti a jikin tsohon kaya kuwa tambaya ce da mai kaya zai amsa, domin babu mai kashe kuɗin fenti a kan abin da ba shi da abin rufewa. Ragar gawayi ita ce ke fara mutuwa, kuma ba laifi ba ne a same ta an sauya da ta rodi, sai dai a rage kuɗi. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne ragar gashi da aka yanko daga kwanon rufi ko daga cikin tsohon firji. Irin waɗannan an lulluɓe su da abin hana tsatsa wanda ba a yi shi don wuta ba, yana ƙonewa ya ba da hayaƙi mai sa ciwon kai da zazzaɓi, nama kuma a kansa yake kwance.

Sai bayan duk wannan ne tambari yake da wurin magana, kuma ya fi amfani ga murhun gashi mai murfi da ƙafa uku da ke zuwa cikin kayan gwanjo. Wanda ya fi suna shi ne Weber, wanda George Stephen ya fara ƙerawa a Amurka a 1952. Jikinsa ƙarfen falle ne da aka lulluɓe da ruwan tangaran, irin na jikin langa da fanteka, saboda haka idan ya bugu ɓallewa yake yi ya bar gefe mai kaifi, ba ya saɓulewa kamar fenti, kuma makulli ba ya kankare shi da sauƙi. Tun daga 1979 kamfanin yake buga harafin shekara a kan faifan iskar da ke saman murfi, A na 1979, B na 1980, daga baya ya koma haruffa biyu. Wannan shaida ce mai kyau, amma shaidar faifan ce kawai. Ana iya cire faifai a maƙala wa wani murfin, ana kuma iya ɗora murfin wani a kan gangar wani. Ka rufe shi ka ga ko bakin ya zauna daidai ko'ina, ka gwada launin sama da na ƙasa a cikin rana, ka duba ko ƙusar da ta riƙe faifan ta tsufa tare da shi. Haka rubutun da ke jikin kurfotin zubi yake: mai zuba tukwane yana iya danna tsohon kurfoti a yashi ya fitar da kwafinsa har da rubutun, sai dai haruffan sukan fito a dagule.

Akwai masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne, tunda maƙerin gari zai yi maka sabo da kuɗi kaɗan. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ga mai shayi ko mai tsire da ke ɗaukar kayansa kullum, na falle mara nauyi ya fi masa. Na zubi yana cin kuɗinsa ne a gidan da ake girki safe da yamma, domin kaurinsa yana riƙe zafi, kuma in ba a fasa shi ba yakan ga bayan na falle da yawa. Wasu kuma sun ɗauka duk kayan zamanin da sun fi na yanzu. Abin da ya faru shi ne marasa ƙarko na wancan zamanin sun riga sun tafi hannun 'yan gwangwan, masu kyau ne suka rage muke gani, kuma a cikin su ma shekaru ba su hana tsaga.

Mataki na ƙarshe wuta ne, kuma shi ne wanda mai kaya zai fi ƙi, don ba wanda zai hura maka gawayi a tsakiyar kasuwa. Mafita tana cikin abin da malaman wannan ƙasa ta Gwandu suke karantarwa a littafin Risala, a babin ciniki: ɓoye aibin kaya bai halatta ba, kuma ya halatta a ƙulla ciniki da sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci don a gwada abin da aka saya. Kafin a sallama, ka faɗi sharaɗinka a gaban dillali ko maƙwabcin rumfa, cewa za ka hura shi, in tsaga ta buɗe ka dawo da shi kasuwa mai zuwa. A gida ka gwada shi a tsakar gida, ba a cikin ɗaki ba, domin iskar gawayi tana kisa ba tare da wari ba. Fara da gawayi kaɗan don ƙarfen ya ɗumama a hankali, sannan ka ƙara, ka ɗora tukunyar ruwa ka ga ko ta zauna ba ta girgiɗi, ka lura ko iska tana shiga ta ƙofa wutar na ci ba sai da mafici ba. In an gama ka bar shi ya huce da kansa, ka zubar da tokar, ka sake ƙwanƙwasa bakinsa ka saurara.