DARASI: YADDA AKE KARE MOTO DAGA TSATSA

A yau moto, wanda wasu ke kira babur, ya shiga kusan kowane ƙauye. Shi ke kai manomi kasuwar Maraɗi ran Litinin da ran Juma'a. Shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa gidan likita da tsakar dare. Samari da yawa da sana'ar kabu-kabu suke ciyar da iyayensu. Amma yawancin masu moto ba su da ɗakin ajiye shi. A tsakar gida yake kwana, ruwa da raɓa duk a kansa. Nan tsatsa ke samun shi.

Moto ba shi da araha. Wani sai ya sayar da bijimi ya saye shi, wani kuma bashi ya ci zuwa kaka. Asara ce babba moto ya lalace tun ba a gama biyan kuɗinsa ba.

1. Mi ke kawo tsatsa?

Tsatsa ba ta fitowa sai abubuwa 3 sun haɗu: ƙarfe, ruwa da iska. Kowane manomi ya san haka. Hauyar da aka manta a gona da damina, bayan kwana kaɗan sai a tarar ta yi ja. Wadda aka rataye a ɗaki kuwa tana nan garau. Iska ba a iya hana ta. Ruwa ne ake iya raba shi da ƙarfe. Fenti da mai da giris duk aikinsu ɗaya ne: su tsaya tsakanin ƙarfe da ruwa.

Akwai abubuwan da ke ƙara wa tsatsa sauri. Su ne gishiri, takin zamani, fitsarin dabbobi da taɓo. Taɓo yana riƙe laima a jikin ƙarfe ko bayan rana ta fito. Lokacin haɗari shi ne damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman watan Agusta, da kuma farkon kaka da raɓa ke sauka. Hunturu ma yana da tasa ɓarna: ƙura da rairayi suna goge fenti su bar ƙarfe a fili. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

2. Inda tsatsa ke yin ɓarna

Sarƙa: in ta yi tsatsa sai ta ƙage, ta cinye haƙoran da take bi a kai. Tana iya tsinkewa a tsakiyar daji.

Wayar birki: tana cikin riga, ido ba ya ganin ta. Ruwa na shiga rigar ya kwanta. Wayar ta yi ta ruɓewa har ranar da mai moto zai matsa birki gaban amalanke ko gaban yaro, ta tsinke. Wannan ita ce ɓarna mafi muni, domin rai take ci.

Wayoyin ƙafa: in sun yi tsatsa suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafar ta karkace.

Tanki: tankin da babu mai da yawa a ciki iska ce ke cika shi. Da sanyin dare laimar iskar sai ta zama ruwa. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka yana kwantawa a ƙasan tanki ya ci ƙarfen. Garin tsatsar ya bi mai ya toshe hanyarsa, moto ya ƙi tashi.

Salansa: injin da ke aiki yana fitar da tururin ruwa. In an tada moto an kashe nan da nan, ruwan yana zama cikin salansa har ya huda ta.

3. Wurin kwanan moto

Mai moto ya yi masa rumfa, ko da ta zana ce, mai gangare yadda ruwa zai zube waje. Ya zaɓi wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwantawa. Ya sa dutse mai faɗi ko katako ƙarƙashin ƙarfen da moto ke tsayuwa a kai, don kada ya nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kada a ajiye moto kusa da turken awaki ko garken shanu. Kada a jingina masa buhun taki ko na gishiri. Gindin itace ma ba wurin kwana ba ne da damina: ganye na ci gaba da ɗigo bayan ruwa ya ɗauke, kashin tsuntsaye kuma na cin fenti.

Wanda ba shi da rumfa ya rufe moto da tamfol. Amma a kula da abubuwa 3. Na farko, a bar salansa ta huce, in ba haka ba ta ƙone tamfol ɗin. Na biyu, kada a rufe moto yana jiƙe. Na uku, kada a ɗaure tamfol har ƙasa. A bar wuri kamar taƙi ɗaya don iska ta ratsa. Moton da aka naɗe cikin leda gumi yake yi, ya fi wanda aka bari a fili saurin tsatsa. Da gari ya waye a yaye tamfol ɗin.

4. Aikin kowane mako

Wanka: duk ranar da moto ya bi taɓo, ko ya ƙetare Gulbin Maraɗi ko wata ƙorama, ko ya ɗauko buhun taki, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu. A kankare taɓon da ke maƙale ƙarƙashin murfin ƙafa da ƙarƙashin injin. A goge shi da busasshen tsumma. Sannan a hau shi kamar minti 15 har injin ya yi zafi, ruwan da ya ɓuya ya bushe.

Sarƙa: a wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, a ɗiga mata man injin. A yi haka bayan kowace tafiyar kilomita 500, ko duk sa'ad da ruwa ya dake ta. A goge man da ya yi yawa, domin yana kama rairayi.

Wayoyi: a ɗiga mai kaɗan a bakin rigar wayar birki da ta kuloci. In an ga zare ko ɗaya ya tsinke a jikin waya, a sauya ta tun ranar.

Sauran ƙarfe: a shafa tsumma mai ɗan mai a kan wayoyin ƙafa da ƙusoshi. A shafa giris a kan bakin batir.

Tanki: a riƙa barin shi da mai sosai, musamman in moto zai daɗe bai fita ba. Mai sayen mai na kwalba ya ɗaga kwalbar ya duba. In akwai ruwa zai gan shi kwance a ƙasa.

5. In tsatsa ta riga ta kama

A goge wurin da takardar gogar ƙarfe har farin ƙarfe ya fito. A share garin. A shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ya bushe, sannan a shafa fenti na biyu. Wanda ya shafa fenti a kan tsatsa ɓoye ta kawai ya yi, tana nan tana ci daga ƙasa. In tsatsa ta huda tanki ko ta ci ƙashin moto, aikin ya wuce na gida, sai a kai wa bakanike.

Gargaɗi: kada mai ko giris ya taɓa birki ko taya, domin moto zai ƙi tsayawa. Kada a yi wannan aiki kusa da murhu ko da taba a baki. Kada a zubar da baƙin mai kusa da rijiya. A ajiye kananzir inda yara ba su kaiwa, kuma kada a zuba shi a kwalbar abin sha.

Duk wannan aiki bai wuce rabin awa a mako ba. Kayan aikinsa tsumma ne da sabulu da ɗan mai.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa 3 ne ke haɗuwa su kawo tsatsa?
2. Domin mi ba a ɗaure tamfol har ƙasa?
3. Mi ke samun tankin da aka bari babu mai da yawa?
4. Wane wuri ne a jikin moto ba a sa wa mai?
5. Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen kayan ƙarfe 5 na gidansu da tsatsa ke ci, ya faɗi yadda zai kare su.