Yaushe Ɗan Bunsuru Yake Isa Barbara?

Jama'a masu kiwo, maza da mata, darasinmu na yau a kan bunsuru ne. Ƙasar Tasawa da Mayahi gidan jar akuya ce, wadda duniya ta sani da sunan jar akuyar Maraɗi. Tana yawan haifar tagwaye, tana da nono, fatarta kuma tana da daraja har Turai. Saboda ita aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi tun shekarun 1960. Amma a ƙauyukanmu, idan bukata ta taso, babban bunsuru ake fara kaiwa kasuwa. Sai a bar ƙanana suna yawo cikin gari, su ne ke barbarar awaki. Ta nan iri yake lalacewa.

Ɗan bunsuru yakan fara hawan ƴan'uwansa tun yana shan nono. Wannan wasa ne. Daga wata 4 zuwa 6 yana iya yi wa akuya ciki, amma jikinsa bai gama ginuwa ba. Idan aka sake shi cikin garke a wannan lokaci, girmansa zai tsaya, awaki da yawa kuma za su wuce ba su ɗauka ba. Abin da ya fi muni, zai hau ƴan awaki ƙanana waɗanda ba su isa ɗaukar ciki ba, su sha wahalar haihuwa. Don haka a raba ƴan maza da ƴan mata tun suna wata 3 ko 4.

To, yaya za a gane wanda ya isa? Kuka da tsalle-tsalle ba shaida ba ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

A fara da baki. Akuya tana da haƙoran gaba 8 a ƙasa, sama kuwa dasashi ne kawai. Na yarinta ƙanana ne, farare. Tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi, biyu na tsakiya suna faɗuwa, manya biyu masu faɗi su fito. Bunsurun da ya yi wannan famfara ya kai a dogara da shi. Mai sayarwa yana iya ƙara wa dabba watanni da baki, haƙori kuwa ba ya ƙarya.

Sai maraina, kuma nan ne ya kamata a fi natsuwa. Wani ya riƙe bunsurun a tsaye, kai kuma ka taɓa da hannu a hankali. Ƴaƴan maraina su kasance biyu, duka sun sauko, girmansu ɗaya, suna motsi cikin fata. Su yi tauri kamar damtsen hannu, ba taushi kamar audu­ga ba, ba kuma ƙarfi kamar dutse ba. Mai manyan maraina ya fi yawan iri. Mai guda ɗaya kada a bar shi, domin yana iya gadar wa ƴaƴansa. Idan akwai kumburi, ko ƙulli, ko zafi, a ware shi a kira ma'aikacin kiwo. Wani kumburin alamar ciwon bakkale ce, mai sa awaki ɓari, mai kama mutum ta ɗanyen nono. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Akwai alama ta uku da mutane ba su cika lura da ita ba. Lokacin yarinta, azzakarin dabba a manne yake da fatar da ta rufe shi. Sai balaga ta zo yake rabuwa, ya riƙa fitowa sosai. Wanda nasa bai rabu ba, ko ya hau, aikin banza ne. A ƙasar Peru, makiyayan alfaka, wata dabba dangin raƙumi, suna duba wannan alama, su kuwa sukan jira har shekara 3.

Wari, da fitsari a gemu, da ɗaga leɓe bayan shinshina akuya, duk suna nuna sha'awa ta zo. Ba su isa hukunci su kaɗai ba.

Matashi mai shekara 1 a ba shi awaki kamar 10. Cikakken bunsuru yana iya ɗaukar 25 zuwa 30. Iri yana ɗaukar kusan mako 7 kafin ya nuna a jikinsa, saboda haka yunwar bazara ko zazzaɓi suna rage ƙarfinsa har wata 2 bayan ya warke. A taimaka masa da harawa, da dusa, da ƴaƴan gawo, da ɗan gishiri, tun kafin lokacin aiki.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku sami littafi ku rubuta ranar haihuwar kowane ɗan akuya da ranar barbara. Cikin akuya wata 5 ne. Bayan shekara 2, a yi musayar bunsuru da wani ƙauye don kada ya hau ƴaƴansa. Sauran mazan da ba a zaɓa ba, a kai wa ma'aikacin kiwo ya dandaƙe su tun suna ƙanana, su zama taure, a yi turkarsu don Sallah ko suna.