Agogon Jiki da Tafiyar Dare

'Yan'uwa, duk mai fataucin shanu daga karar Potiskum zuwa Legas ya san tafiyar dare: a yi lodi da yamma, a kwana ana tuƙi. To, me wannan yake yi wa jiki?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke aiki kamar agogo, yana zagayowa duk awa 24, kuma hasken da ido ke gani ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, jiki yakan saki sinadarin melatonin, barci ya zo.

Amma aikinsa bai tsaya kan barci ba. Kullum ƙwayoyin fata, na hanji da na ɓargo suna rabuwa gida biyu don maye gurbin waɗanda suka mutu. Agogon nan yana da hannu wajen tsara lokacin rabuwar da lokacin gyaran ƙwayar da ta sami illa. In ya rikice, mai illar tana iya rabuwa kafin ta gyaru. A 2019, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin abubuwan da wataƙila suke jawo cutar.

Ba cewa ake a bar neman halak ba. Masu mota su sa direba biyu, su riƙa karɓa-karɓa. In an sauke kaya, a samu ɗaki mai duhu a rama barci. A rage cin abinci mai nauyi da tsakar dare. Goro da shayi suna kore gyangyaɗi, amma ba sa biyan bashin barci.