In ruwa ya shiga soro, me za a yi?

Gure ƙasar rairayi ce, ruwan sama bai cika yawa ba. Amma ruwan dare ɗaya yana iya ka da ɗaki. A daminar 2024 ruwa ya yi ɓarna ko'ina cikin Nijar. Mutum fiye da 300 suka rasu, da yawansu ɗaki ne ya faɗa musu. A Damagaram, cikin watan Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa, ya rushe.

Nauyin ruwa

Ga ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4. In aka yi ruwa milimita 50, lita 800 ke sauka bisa rufinsa. Tano 4 ke nan. In indararo ya toshe, ruwan zai kwanta a sama. Ƙasar rufi ta jiƙe, ta ƙara nauyi, azara ta fara ruɓewa.

Alamun ɓarna

Tabon laima a bango ko a rufi. Warin funfuna cikin ɗaki. Yaɓe yana ɓarewa. Azara ta lanƙwashe. Gindin bango ya yi laushi. Gara ma tana bin itacen da ya sha laima.

Abin da mai gida zai yi

1. Ya fitar da iyali tukuna. Ɗakin da azararsa ta lanƙwashe ko bangonsa ya tsage, kada kowa ya kwana ciki.

2. Ya fitar da hatsi da tabarmi da tufafi, a shanya su a rana. Hatsin da ya yi funfuna ba a cin sa.

3. Ya tokare azara da itace mai ƙarfi kafin kowa ya hau sama.

4. Ya nemi inda ruwa ke shiga. Inda yake ɗiga ba kullum nan ne ƙofarsa ba, don ruwa yana bin azara ya sauko wani wuri. A duba bakin indararo, da tsaga, da inda rufi ya lotsa.

5. Ya buɗe ƙofa da taga, ɗaki ya bushe sarai. Wanda ya yi yaɓe bisa jiƙaƙƙen bango ya rufe laima a ciki, ɓarna ta ci gaba a ɓoye.

6. A soka wuƙa cikin azara. In ta shige da sauƙi, azara ta ruɓe. A kira magini ya sake ta.

7. A cike tsaga da ƙasa mai kyau wadda aka kwaɓa da ciyawa. Siminti ba ya kama bangon ƙasa sosai, ruwa yana shiga bayansa.

Kafin damina

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin bazara a yi yaɓe, a share indararo. A tara ƙasa a gindin bango, a yi wa ruwa hanya ya fita nesa da gida. Bayan kowane babban ruwa, a zagaya a duba.

Tambayoyi

1. Lita nawa ke sauka bisa ɗakin nan in aka yi ruwa milimita 25?
2. Don me ba a yaɓe bisa jiƙaƙƙen bango?
3. Yaya ake gane ruɓaɓɓiyar azara?