Darasin Mako: MF DOOM da Kundinsa na Farko

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako a kan wani mawaƙin gambarar zamani ne, wato hip-hop, daga cikin waɗanda ake kira mawaƙan bayan fage. Su ne waɗanda manyan kamfanonin waƙa ba sa tallata su, sai dai masoya su yi ta yaɗa faifansu hannu da hannu.

Sunansa na yanka Daniel Dumile. An haife shi a Landan a 1971, ya tashi a yankin Long Island na jihar New York a Amurka. Tun yana saurayi suka kafa ƙungiyar KMD shi da ƙanensa DJ Subroc, a lokacin yana amsa sunan Zev Love X. A 1991 kamfanin Elektra ya fitar musu da kundin Mr. Hood, mai cike da barkwanci da zambo a kan wariyar launin fata.

A 1993 mota ta buge Subroc ya rasu. Ba a jima ba Elektra ya ƙi fitar da kundinsu na biyu saboda zanen da ke bangonsa, ya kuma sallame su. Dumile ya ɓace na wasu shekaru, yana fama da talauci da baƙin ciki.

Da ya dawo, sai ya riƙa hawa dandalin Nuyorican Poets Cafe fuskarsa a rufe. Ya ari sunansa da siffarsa daga Doctor Doom, mugun nan mai takunkumin ƙarfe na littattafan zane na Marvel. Manufarsa ita ce mai sauraro ya bar kallon mutum, ya kasa kunne ga magana.

A 1999 wani ƙaramin kamfani mai suna Fondle 'Em ya fitar da kundinsa na farko shi kaɗai, Operation: Doomsday. Ku lura da abubuwa uku a cikinsa. Na farko, shi ya haɗa kiɗansa da kansa, yana tsakuro sautuka daga tsofaffin faya-fayai da finafinan katun. Waƙar Doomsday, alal misali, an gina ta a kan kiɗan wata waƙar Sade. Na biyu, muryarsa ta sauya: zaƙin muryar ƙuruciya ya tafi, ta yi kauri, yana rerawa a natse kamar mai hira. Na uku, amsa-amo. Abin da malaman adabi ke koya mana da sunan amsa-amon ciki shi ne makaminsa, domin bai tsaya ga ƙarshen layi ba, yakan jera gaɓoɓi masu kama da juna a tsakiyarsa. Jigon kuwa yana komawa ga rashin ɗan'uwansa, ko da ya lulluɓe shi da raha.

Wannan salo ya nuna sosai a 2004, a kundin Madvillainy da suka yi da makaɗi Madlib, wanda masu nazarin waƙa ke lissafawa cikin fitattun kundaye na hip-hop. Dumile ya rasu a Ingila a 2020 yana da shekara 49.

Aikin gida: kowa ya rubuta baiti ɗaya mai ɗango huɗu a kan wani rashi da ya taɓa yi, ya sa amsa-amon ciki a kowane ɗango. A miƙa wa kulob ɗin 'yan jarida kafin ranar Juma'a, za mu liƙa uku mafi kyau a wannan allo.