Tambaya da Amsa: Ina Zaren Gizo-gizo Ya Samo Ƙarfinsa?

TAMBAYA

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare. Makon jiya muna sharar ɗakin ajiya sai wata ɗalibata ta ɗago tsintsiya duk ta naɗe da yana, ta ce ta ji a rediyo wai masana sun sa zaren gizo-gizo cikin wata na'ura mai maganaɗisu, sun gano ya fi ƙarfe ƙarfi. Ta ce, "Malam, yaya abin da tsintsiya ke kwashewa zai fi ƙarfe ƙarfi, alhali a Islamiyya an karantar da mu cewa gidan gizo-gizo shi ne mafi raunin gidaje?" Na ce ta ba ni lokaci. Don Allah a warware mini: wace na'ura ce wannan, me ta gano, kuma me zan faɗa wa yarinyar?

Daga wani malamin sakandare, Rogo Sabon Gari, Jihar Kano.

AMSA

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka nemi lokaci maimakon ka sallami yarinyar da amsar da ba ka tabbatar ba. Tambayarta ta mai hankali ce, ta cancanci a zauna mata.

Mu fara da abin da ya fi damun ta. Misalin da ke cikin Suratul Ankabut a kan gida yake, rediyo kuwa a kan zare ya yi magana. Amfanin gida shi ne ya kare mai shi daga ruwa da rana da iska da abokin gaba, yanar gizo-gizo kuwa ba ta kare ko ɗaya, tsintsiya ma ta ishe ta. Wannan gaskiya ce da ido ke gani. Ƙarfin da masana ke nufi kuma na silin zaren ne idan aka auna shi da sirantarsa da rashin nauyinsa. Gashin kan mutum ya ninka kaurin wannan zare fiye da sau goma. Ƙarfen da ake ƙira da shi ya ninka shi nauyi kusan sau shida. To idan aka ɗauki zare da wayar ƙarfe masu nauyi ɗaya aka rataya musu kaya, wayar ce za ta riga tsinkewa. Bayan haka zaren yana miƙewa kusan kashi 30 cikin 100 na tsawonsa kafin ya katse, shi ya sa ƙwaro ke faɗa masa a guje ya shanye bugun. Wajen shanye bugu ya zarce Kevlar, zaren da ake yin rigar kare harsashi da shi.

Gizo-gizon da ke saƙa mai da'ira yana iya fitar da zare har iri bakwai, kowanne da aikinsa: na naɗe abin da ya kama, na rufe ƙwai, na danƙo. Wanda masana suka fi bibiya shi ne wanda yake lilo da shi idan ya sauko daga rufin ɗaki, kuma da shi yake kafa ginshiƙan saƙarsa.

Sai batun na'urar. Ana kiran ta NMR, kuma 'yar'uwar MRI ce, wadda ake shigar da marar lafiya cikinta a manyan asibitocin Kano don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ko kashin baya. Masana biyu a Amurka, Felix Bloch da Edward Purcell, su suka gano tushen aikinta a 1946, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Ka tuna yadda iyayenmu mata ke sayen tukunya a kasuwa. Ba sa fasa ta don su ga cikinta. Sukan ɗaga ta su ƙwanƙwasa da yatsa su kasa kunne: mai lafiya amonta garau, mai tsagu kuwa a dakushe. Haka NMR take yi wa ƙwayoyin zarra. Cibiyar wasu ƙwayoyin, kamar ta haidirojin, tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. Idan aka sa abu cikin maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, sai waɗannan cibiyoyi su daidaita da shi. Daga nan a ƙwanƙwasa su da igiyar rediyo, su kuma su mayar da amo. Amon kowace ƙwaya ya danganta da maƙwabtanta da yadda take zaune a cikinsu. Kwamfuta ta tattara amon ta zana shi, masani ya karanta ya san wa ke kusa da wa, wa ke daskare, wa ke motsi. Ba a yanka komai ba, ba a narkar da komai ba.

Binciken da ya yi fice shi ne na Farfesa Lynn Jelinski da abokan aikinta biyu, Alexandra Simmons da Carl Michal, a Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda mujallar Science ta buga a 1996. Tun 1990 Randy Lewis na Jami'ar Wyoming ya fara karanta jerin furotin ɗin zaren, aka san cewa mafi yawansa tubala biyu ne, alanin da gilaisin, suna ta maimaituwa. Amma sanin tubali ba shi ne sanin gini ba. Matsalar ita ce a cikin zare ƙwayoyi ba su ƙidayuwa, duk suna amsawa a lokaci guda. Dabarar da suka yi irin ta makiyayi ce da ke ɗaura wa saniya ɗaya ƙararrawa don ya san inda take a cikin garke. Sun shayar da wani babban gizo-gizo mai zare ruwan zinariya, wanda a lokacin ake kira Nephila clavipes, alanin ɗin da aka yi wa alama da haidirojin mai nauyi. Jikinsa ya sarrafa shi ya shigar da shi cikin zare. Sai suka riƙa jawo zaren a hankali suna naɗewa a kan ƙwarya, har ya taru, suka sa a na'ura suka saurari masu ƙararrawar kaɗai.

Abin da ya fito shi ne, alanin yana taruwa wuri guda, sarƙoƙinsa su kwanta gefe da gefe su hau kan juna kamar tabarmin da aka jibge, su zama ƙananan dunƙule masu tauri. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗannan sun miƙe sak sun bi tsawon zaren, sauran kashi 60 kuwa jerinsu bai tsananta ba. Tsakanin dunƙule da dunƙule akwai sassan da gilaisin ya yi yawa, a sake suke, suna lanƙwasa suna miƙewa. Idan aka ja zaren, sassan da ke sake su ne ke ba da kai, dunƙulen kuma su riƙe kamar ƙulli a jikin koma. Da duk tauri ne da ya karye kamar kwalba, da duk laushi ne da ya saki kamar danƙo. Ƙarfinsa yana cikin yadda aka jera taurin da laushin a sili ɗaya.

Wannan ya haifi wata tambayar: yaya gizo-gizo ke yin wannan jeri? A cikin cikinsa zaren ruwa ne mai kauri, wanda furotin kan kai kusan rabinsa, amma ba ya daskarewa. Sai ya bi wani siririn bututu, a hanya a tsotse ruwan, tsaminsa ya ƙaru, jan da gizo-gizon ke yi da ƙafa ko da nauyin jikinsa ya miƙar da sarƙoƙin, ya fito zare nan take. A 2010 masana a Jamus, cikinsu da Horst Kessler da Thomas Scheibel, sun yi amfani da NMR suka gano siffar wutsiyar furotin ɗin, suka nuna tana aiki kamar makunni: tana hana shi dunƙulewa a ma'ajiya, tana taimaka masa ya jeru a bututu. A 2018 kuma Gregory Holland na Jami'ar Jihar San Diego da abokansa suka nuna cewa a jikin wani gizo-gizo baƙi mai dafi na Amurka, furotin ɗin yana zaune ne cikin ƙananan curi masu tsari tun kafin a fara kaɗi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi ya san wannan magana. Auduga ɗaya ce, mazari ɗaya ne, amma zaren gwana daban yake da na 'yar koyo, domin sirrin yana wajen ja da murzawa.

Dalilin wannan wahala duka shi ne gizo-gizo ba ya kiwatuwa, idan aka tara su cin junansu suke yi. A Madagaska, Simon Peers da Nicholas Godley sun sa an kamo fiye da gizo-gizo miliyan ɗaya, ana tatsar zarensu ana sakinsu, kafin a saƙa mayafi guda, wanda aka baje kolinsa a New York a 2009. Don haka aka koma neman hanyar kwaikwayo. Kamfanin Nexia na Kanada ya sa ƙwayar halittar zaren a jikin awaki, furotin ɗin ya riƙa fitowa a nononsu. Spiber a Japan da AMSilk a Jamus suna sa ƙananan halittu su haɗa musu shi cikin manyan tankuna. Ana fatan samun zaren ɗinkin tiyata da tufafi marasa nauyi. Samun furotin ya zo da sauƙi, kaɗa shi yadda gizo-gizo ke yi ne ke ba da wuya, kuma NMR ita ce kunnen da ake gane ko kaɗin ya yi da shi.

Malam, akwai abin da nake so ka ƙara mata, domin mu ma muna da namu. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi siliki ne na daji. Wasu tsutsotsi ne da masana ke kira Anaphe suke taruwa su saƙa gida ɗaya a jikin bishiya, a ciro shi a dafa da ruwan toka don danƙon ya fita, a kaɗa da hannu. Yarbawa suna kiran sa sanyan. Furotin ɗinsa kusan duka alanin ne da gilaisin, tubalan nan biyu da ke cikin zaren gizo-gizo. Kakanninmu sun san ingancinsa da hannu da ido tun ba a ƙera NMR ba, yau kuwa samunsa ya yi wuya, masu sanin sarrafa shi suna ƙarewa. Yana yi mini ciwo a ce a ƙetare teku ana sauraron zaren gizo-gizo ƙwaya-ƙwaya, namu kuma yana shirin ɓacewa ba mu ko rubuta yadda ake dafa shi ba. Ka tura ɗalibanka wajen dattawan masu ɗinkin riga a Rogo da Ƙaraye su tambayo su rubuta. Wannan ma bincike ne, kuma ba ya bukatar na'ura.

Sannan idan damina ta kankama, ka fita da su gonar masara da sassafe, lokacin da raɓa ta fito da kowace yana fili tsakanin karare. Ka ba yarinyar tsinke ta taɓa zaren da ya taso daga tsakiya ya nufi gefe, za ta ga bai kama ba. Ta taɓa wanda ya kewaya, za ta ga ya manne. Ta ja shi a hankali ta ga iyakar miƙewarsa kafin ya tsinke. A nan za ta gane da hannunta cewa gidan mai rauni ne kamar yadda aka karantar da ita, zaren kuma mai ƙarfi ne kamar yadda ta ji. Wanda ya fara da tsinke yau, ba abin mamaki ba ne gobe a same shi zaune gaban na'urar. Allah ya yi mata albarka, kai kuma ya ƙara maka haƙurin koyarwa.